Yadda Ƙwaƙwalwar Na'ura ke Auna Zafin Jikinta

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaishe da mutanen cikin garin Madarunfa da na bakin tafki, da na Jiratawa, Safo, Gabi, Sarkin Yamma, har Ɗan Isa bakin iyaka. Ya muka ji da zafi? Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Zafin nan shi ne zancenmu na yau, sai dai na wayoyi da kwamfutoci za mu taɓa. Duk wanda ya ɗan zauna a teburin mai caji ko rumfar mai gyaran waya cikin watan Afrilu da Mayu ya san koke-koken da ake kawowa. Wani ya ce wayarsa tana ɗaukar zafi. Wata ta ce da rana ta take sai wayar ta yi nauyi, in ta taɓa sai ta jima kafin ta amsa. Wani kuma ya ce tasa ta ƙi shan caji, ta rubuto masa wani dogon Faransanci. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, in sun zo hutu da kwamfutocinsu na hannu, kukansu shi ne fanka tana ta gurnani, can sai na'urar ta kashe kanta ana tsakiyar aiki.

To, wa ya gaya wa na'ura cewa ta yi zafi? Ba ta da fata, ba kuma wanda ya saka mata ma'aunin likita a hammata. Amma ta sani, har ta ɗauki mataki.

A cikin kowace waya da kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle, faɗinsa bai wuce farcen yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, furosesa. Da silikon ake yin sa, silikon kuwa daga yashi ake tace shi. A kan fallen nan an shimfiɗa ƴan makunnai da ido ba ya gani, taransistoci, masu kunnuwa da mutuwa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Furosesar da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai lamba 4004, taransisto 2,300 gare ta. Wadda Apple ya saka a wayarsa ta 2023, A17 Pro, tana da biliyan 19. Tecno da itel da ke aljihun yawancinmu, waɗanda galibi MediaTek ko Unisoc ke ƙera musu ƙwaƙwalwa, ba su kai nan ba, amma su ma lissafin nasu ya wuce a ƙirga da baki.

Duk lokacin da makunni ɗaya ya kunnu ko ya mutu, sai ya ci ƴar wuta, wutar kuma ta koma zafi. Ƙwaƙwalwar kwamfutar cinya tana fitar da zafin wat 15 zuwa 45, ta tebur kuwa 65 har sama da 100, duk daga wurin da bai fi farce ba. Ga kuma wata matsala: silikon in ya yi zafi yakan fara yoyon wuta, yoyon ya ƙara zafi, zafin ya ƙara yoyo. In ba a tare ba, abin ci gaba zai yi har ya kai ga ƙonewa. Kuma hawan yana da sauri ƙwarai. Kafin ƙiftawar ido wani lungu na fallen ya ƙaru da digiri 20 ko 30. Ma'aunin da aka manna daga waje, kafin labari ya iso masa ɓarna ta riga ta auku. Shi ya sa masu ƙira suka ga dole mai awon ya zauna cikin silikon ɗin kansa.

A nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, musamman masu gyaran rediyo da masu haɗa sola, don kun san abin da zan ambata. Diyod. Wannan ɗan abin da ke barin wuta ta wuce gaba, ya hana ta komowa. Kowane mai gyara da ya taɓa ɗora mita a kansa ya san kafin wuta ta ratsa diyod na silikon sai ta biya kuɗin shiga, wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, wannan kuɗin shiga raguwa yake yi in diyod ya ɗumama, kuma raguwar tana da ƙa'ida. Duk ƙarin digiri 1 na Salshiyos, sai ya sauka da kamar milibolt 2, wato kashi 2 cikin 1,000 na bolt. Diyod da ya nuna 0.65 a digiri 25, in ya kai digiri 95 za ka same shi wajen 0.51. Ke nan in ka tura masa wuta daidai gwargwado, ka karanta abin da ya nuna, ka san zafinsa. Shi kuwa diyod, da shi da taransisto ɗanyen kayansu ɗaya ne, don haka saka shi cikin furosesa bai ci wuri ba, bai ci kuɗi ba.

Kada ku ɗauka wannan al'amari na can nesa ne. Yana bisa rufin gidajenmu. Kowane ɗan murabba'i da kuke gani a jikin faifan sola diyod ne babba, kuma wannan doka tana kansa. Awon da aka rubuta a bayan faifan, a digiri 25 aka yi shi. Duk digiri 1 da ya ƙaru a kan haka, faifan yana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. In tsakar ranar bazara ta kai shi digiri 65, ya zubar da wajen kashi 16 ke nan. Manoman rani da ke ban ruwa da famfon sola, in kun ga ranar da ta fi ƙuna ba ita ta fi ba da ruwa ba, ga ɗaya daga cikin dalilan. Halin da ke rage wa mai sola riba, shi injiniyoyi suka mayar ma'auni.

Sai dai akwai cikas. Diyod biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa fara lissafi daga wuri ɗaya. Wannan ya ce 0.65, ɗan'uwansa ya ce 0.66, alhali zafinsu ɗaya. Bambancin kamar ba komai ba, amma milibolt 10 ne, digiri 5 ke nan na kuskure.

Dabarar da aka yi, masu sayen kifi a bakin tafkin Madarunfa sun san irinta. Sikeli ne allurarsa ta goce, ba ta tsayawa kan sifiri, kuma ba wanda ya san da nawa ta goce. Sai ka aza kwano wayam ka karanta, ka zuba kifi ka sake karantawa, ka cire na farko daga na biyu. Gocewar tana cikin awo biyun, cirewa ta tafi da ita, ya rage nauyin kifi zalla. Haka ake yi wa diyod. A tura masa ƴar wuta a karanta, a tura masa ninki 10 na wannan a sake karantawa, a ɗauki bambancin. Wannan bambanci bai damu da halin diyod ɗin ba, zafi kawai yake bi. A digiri 25 yakan kama milibolt 59, a digiri 100 kuma 74. Duk digiri 1 yana ƙaruwa da kamar kashi 1 cikin 5 na milibolt. Ƙanƙani ne, sai an kambama shi kafin a karanta, amma ba ya ƙarya sosai.

Saura tambaya guda, wadda mai kaifin hankali zai yi: da me za a gwada, tunda ma'aunin ma yana cikin wutar? Duk abin da ke kan fallen zafi yana taɓa shi. Amsar tana da daɗi. Muna da abu ɗaya mai sauka in zafi ya hau, wato awon diyod, muna da wani mai hawa, wato bambancin nan. In aka ninka mai hawan yadda ya dace aka haɗa shi da mai sauka, sai su kashe juna, a samu wajen bolt 1.2 tsayayye, ko da sanyin hunturu ko da ƙunar bazara. Wani injiniya Ba'amurke, Robert Widlar, shi ya shahara da wannan dabara, ya bayyana ta a 1971, kuma har gobe da ita ake aiki. Da wannan tsayayyen ake gwada mai motsin, a mayar da sakamakon lamba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna bayani ne kan yadda ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfuta ke sanin zafin jikinta.

Sanin zafi daban, yin wani abu a kai daban. A ƙarshen shekarun 1990 an riga an fara saka diyod a cikin furosesa, amma ƙafafunsa waje ake fito da su, wani ɗan guntu a kan allon inji shi ke karantawa ya yanke hukunci. In mai ƙera allon ya yi sakaci, ko guntun ya yi nawa, shi ke nan. A shekarar 2000 Intel ya fitar da Pentium 4 da mai gadi a cikin gida: da zafi ya kai iyaka, furosesar da kanta take rage gudu, ba ta jiran umarnin kowa. A 2001 wata mujallar intanet mai suna Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya zaga duniya. Suka kunna kwamfutoci suna wasa, suka cire ƙarfen shan zafin da ke kan furosesa ana cikin aiki. Pentium 4 ta koma tafiyar hawainiya, da aka mayar da ƙarfen ta ci gaba da gudu. Pentium III ta ƙame, amma ba ta mutu ba. Athlon ta kamfanin AMD kuwa cikin ƴan daƙiƙu ta yi hayaƙi, zafinta ya haura digiri 300. Bayan wannan ba a daɗe ba kariya irin wannan ta zama dole a wajen kowa, har da AMD ɗin.

Daga 2006, da zuwan jerin Core, Intel ya mayar da awon gaba ɗaya cikin fallen, ma'aunai da yawa, an dasa su kusa da lungunan da suka fi ɗaukar zafi. Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Waɗannan ma'aunai ba sa cewa zafi ya kai kaza. Abin da suke faɗa shi ne saura kaza a kai iyaka. Kowace furosesa tana da iyakar da aka rubuta mata a masana'anta, galibi digiri 100 ko kusa da haka. In ma'auni ya ce saura 40, to digiri 60 ake. In ya ce saura 5, an kusa. Manhajojin da ke nuna maka zafi a fuskar kwamfuta, irin su Core Temp da HWiNFO, lissafin cirewa kawai suke yi. Shi ya sa a zamanin Core 2 aka sha gardama, manhaja biyu a kwamfuta ɗaya kowace da lambarta, don kowace da iyakar da ta zata. An kuma saita ma'aunan ne su fi faɗin gaskiya a kusa da iyaka, inda hatsarin yake. A can ƙasa, in na'ura tana hutawa, suna iya gocewa da digiri da yawa, masu ƙira kuma ba su damu ba. A 2017 ma AMD da gangan ya ƙara digiri 20 a kan lambar da Ryzen 7 1700X da 1800X ke bayarwa, don fanka ta riƙa tashi da wuri. Saboda haka, ɗalibi, in ka ga lamba a fuskar kwamfutarka, karanta ta da hankali, kada ka tayar da hankalinka a kan digiri 3 ko 4.

Matakan da na'ura ke ɗauka hawa-hawa ne. Da farko fanka ta ƙara gudu. In bai isa ba, a rage saurin furosesa tare da ƙarfin wutar da ake ba ta, kuma a nan ribar take, domin in aka rage ƙarfin wuta da kashi 1 cikin 5, zafin da ake fitarwa yana raguwa da fiye da kashi 1 cikin 3. Wannan shi ne nauyin da kuke ji. In duk an yi haka zafi bai fasa hawa ba, akwai wani ma'auni na daban, wanda ba ya shawara da kowace manhaja, shi yanke wuta kawai ya sani. A Pentium 4 wajen digiri 135 yake yankewa. Kwamfutar da ta mutu farat ɗaya ana cikin aiki, sau da yawa shi ne ya yi aikinsa.

Yanzu mu dawo gida, don lissafin saura kaza ɗin nan mu ya fi shafa. Zafi ba ya fita daga abu sai in wajen ya fi shi sanyi, kuma gwargwadon tazarar, gwargwadon saurin fitarsa. Wanda ke ɗaki mai digiri 25, tsakaninsa da iyakar 100 akwai 75. Mu da bazara ke haura 40, a ɗakin kwano ma ta fi haka, muna farawa da 55 ko 60. Tun ba ka kunna ba rana ta cinye maka kusan kashi 1 cikin 4. Sai ƙurar hunturu ta zo ta toshe ramukan iska, ta yi kirtani a jikin fanka. Sai kuma a ce kwamfutar ta hannu ce, ta yi shekaru a Turai kafin ta iso kasuwar Maraɗi ko ta Kano, farin man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi ya bushe ya zama gari. A ƙarshe mai ita ya aza ta kan katifa. Ina laifin na'ura a nan?

Waya kuwa lamarinta ya fi tsanani, don ba ta da fanka, jikinta kawai take miƙa wa zafin. Kuma a cikinta furosesa ba ita ce raguwa ba. Silikon yana jure digiri 90 ba tare da wani abu ya same shi ba. Batir ne ba ya jurewa. Batirin litiyom, ƙa'idar da aka saba ita ce kada a yi masa caji in ya wuce digiri 45. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da wayarsa inda zafin iska yake tsakanin 0 da 35. Ku ji fa, 35. Mu nan a watan Afrilu, kafin azahar mun wuce wurin.

Shi batir nasa ma'aunin daban ne, wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero ba, tamisto, wanda turjiyarsa ga wuta ke raguwa in ya ji zafi. Michael Faraday na Ingila ya fara lura da irin wannan hali tun 1833. Irin da aka fi sakawa yana nuna om 10,000 a digiri 25. A batura da yawa na ƙananan wayoyi, in ka cire ka duba za ka ga haƙora 3 ko 4 na ƙarfe maimakon 2. Sau da yawa ɗaya daga cikin na ƙarin, na wannan awo ne. Wayar da ta dakatar da caji ta rubuto gargaɗi, daga nan labarin ya zo mata.

Abubuwan da ke tara wa waya zafi sanannu ne, kuma mu muke haɗa mata su lokaci guda. Tana caji, ana kallon bidiyo, haske a ƙure don ana cikin rana, ga rigar roba mai kauri. Akwai kuma wanda ba a cika sani ba: inda layi ba shi da ƙarfi, kamar ƙauyukan da ke nesa da eriya ta wajen dajin Baban Rafi, waya ƙara ƙarfin muryarta take yi don ta isa eriyar, wannan kuwa wuta yake ci, zafi yake haifarwa.

Bari in faɗi ra'ayina kan manhajojin nan da ake saukewa wai masu sanyaya waya, masu nuna hoton fanka ko ƙanƙara tana zuba. Yaudara ce. Manhaja ba ta da iska, ba ta da ruwa. Iyakarta ta rufe wasu ayyuka, abin da kai ma za ka iya da yatsanka, sannan ta cika ka da talla, tallan kuma furosesar ce ke wahalar nuna shi. Da yawansu ma zafin batir suke nunawa su ce na furosesa ne. Haka masu jefa waya cikin firiji ko cikin kular ƙanƙara, ku bari. Sanyin gaggawa raɓa yake tarawa a ciki, ruwa kuwa ya fi zafi saurin kashe inji. A cire riga, a cire caji, a ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, minti kaɗan sun isa.

Iyayena mata, a daina kwana da waya tana caji ƙarƙashin matashin kai, musamman inda yara ke kwance. Ƴan kabu-kabu, aljihu ya fi kan tankin babur. Masu teburin caji, Allah ya yi wa sana'a albarka, amma kada a jibga wayoyi kan juna a cikin akwati a rufe. A jera su ɗaya-ɗaya, a sama musu inuwar da ba ta kwano tsirara ba, ko da zana ce aka shimfiɗa a kan rufin. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi, a cire shi daga layi nan take. Masu kwamfuta kuma, bayan kowane hunturu a kai a busa ƙura, in man ya bushe a sake shi, a riƙa aza ta kan katako ko tire, manyan ayyuka a bar su sai da asuba ko bayan isha'i.

Magana ta ƙarshe taku ce, ƴan'uwana masu gyara. Na san akan kawo muku wayar da ke ta rubuta gargaɗin zafi alhali jikinta da sanyi, mai ita kuma yana tsaye yana gaggawa. Na kuma san gajeriyar hanyar da wasu ke bi, a cire tamiston a maye gurbinsa da turjiya tsayayya, don waya ta riƙa ganin digiri 25 har abada. Gargaɗin zai ɓace, mai waya ya biya ya yi godiya. Amma daga ranar wayar ba ta da mai gaya mata ta tsaya, za ta ci gaba da ɗura wa batir wuta ko ya kai digiri 60, a ɗakin da mutane ke barci. In tamisto ya lalace, a nemo irinsa daga wani mataccen allo a saka. In ba a samu ba, a gaya wa mai waya gaskiya ya yi haƙuri zuwa ranar da za a shiga Maraɗi. Don Allah kada a mayar wa kowa wayar da aka kashe wa ma'auni.

 

(Kiɗan rufe shiri)